Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan Majalisar Dokoki Na Jam'iyya Mai Mulki

Ya ku masu girma,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinku, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayina na mai kaɗa ƙuri'a, wanda ya daɗe yana bibiyar zaman majalisa a rediyo da talabijin tun bai san bambancin ƙudiri da doka ba. Ban sa 'yan adawa cikin waɗanda nake magana da su ba, kuma da gangan na yi haka. Duk lokacin da badaƙala ta fashe a kan shugaban ƙasa ko firaminista ko gwamna ko wani ministan da ke kusa da shi, ɗan adawa zai yi ihu ko an sa shi ko ba a sa shi ba, domin da ihun yake neman kujera, shi kuwa mai mulki ya san da haka, shi ya sa ihun ba ya hana shi barci. Ku da kuke jam'iyya ɗaya da shi, kuke da rinjayen kujeru, kuke shugabancin kwamitoci, ku ne idan kuka ɗaga kai kuka dube shi zai gyara zama. Abin takaicin shi ne, a mafi yawan lokuta ku ne kuke fara sunkuyar da kai.

Mun riga mun haddace yadda wasan yake tafiya, domin salonsa ɗaya ne daga wannan ƙasa zuwa waccan. Da safe wata jarida za ta fito da takardu, ga kwangilar da aka biya kuɗinta ba a yi aikin ba, ga asusun da kuɗin suka bi suka shige, ga kuma sa hannun wanda ya ba da izini. Kafin rana ta take, mai magana da yawun gwamnati ya fito ya ce yarfen siyasa ne, aikin maƙiya ne da ba sa son ci gaban ƙasa. Idan surutu ya ƙi lafawa, sai majalisa ta kafa kwamiti, a ba shi mako huɗu, a kira 'yan jarida su ɗauki hoton zaman farko. Daga nan sai shaidu su fara rashin lafiya, takardu su fara ɓata, lauyoyi su garzaya kotu su samo umarnin dakatar da bincike, har wata sabuwar badaƙalar ta zo ta danne tsohuwar. Bayan shekara guda idan wani ya tambayi inda rahoton kwamitin ya kwana, sai a ce masa maganar tana gaban kotu, bai kamata a tsoma baki ba.

Wanda ya kalli zaman da wani kwamitin Majalisar Wakilan Najeriya ya yi a watan Yulin 2020 kan kuɗin hukumar raya yankin Neja Delta ba zai manta da shi ba. Ana tsaka da yi wa muƙaddashin shugaban hukumar tambayoyi, kyamarori na ɗauka kai tsaye, sai ya sulale ya kifa kai a kan tebur, mutane suka rufu a kansa, wannan na fifita, wancan na ƙoƙarin buɗe masa baki, aka fita da shi a tallabe. A ranar dai, ministan da ke kula da hukumar ya zauna a gaban kwamitin ya ce mafi yawan kwangilolin hukumar 'yan majalisa ake ba wa, mai jagorantar zaman kuwa ya yi ta roƙonsa da ya kashe makirufonsa. Mutane sun yi ta dariya a kafofin sada zumunta. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan roƙon, domin ya nuna dalilin da ya sa bincike irin naku yake mutuwa a hanya: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Zan ɗan daɗe a kan Afirka ta Kudu, saboda a can ne kotu ta rubuta laifin 'yan majalisa ƙarara, ba laifin shugaba kaɗai ba. Bayan Jacob Zuma ya hau mulki a 2009, gwamnati ta kashe wajen rand miliyan 246 a gidansa na ƙashin kansa da ke Nkandla da sunan ƙarfafa tsaro. A watan Maris na 2014, Thuli Madonsela, jami'ar da tsarin mulki ya ɗora wa alhakin binciken koke-koken jama'a a kan gwamnati, ta fitar da rahoto cewa cikin abubuwan da aka gina akwai tafkin ninƙaya da garken shanu da akurkin kaji da dandalin taro da masaukin baƙi, waɗanda ba su da alaƙa da tsaro, don haka sai shugaban ya mayar da wani kaso na kuɗin. Aikin majalisa a nan a bayyane yake, wato ta tabbatar ya biya. Maimakon haka, ministan 'yan sanda ya fito a 2015 da nasa rahoton, inda ya ce tafkin tanadin ruwan kashe gobara ne, har ya nuna wa 'yan jarida bidiyon ma'aikatan kwana-kwana suna zuƙo ruwa daga ciki da bututu, ya kuma ce garken da akurkin an yi su ne don kada dabbobi su riƙa tayar da na'urorin tsaron gidan. Manyan mutane, masu ilimi, waɗanda wasunsu sun sha ɗauri a gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata, suka zauna a zaure suka amince da wannan rahoton, suka wanke shugabansu.

Ranar 31 ga Maris, 2016, Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci ba tare da ko alƙali ɗaya ya saɓa ba, cewa shugaban ya gaza kiyaye tsarin mulki, kuma majalisar ma ta karya shi da ta wanke mutumin da aka ɗora mata alhakin sa wa ido. Ko mako ba a yi ba aka kawo ƙudirin tsige shi, 'yan jam'iyyarsa ta ANC suka sake tsaya masa, ƙudirin ya faɗi da ƙuri'a 233 a kan 143. Ya mayar da rand miliyan 7.8 a watan Satumba, amma tun a watan Agusta jam'iyyar ta riga ta rasa mulkin Johannesburg da Tshwane da Nelson Mandela Bay a zaɓen ƙananan hukumomi. Zuma bai sauka ba sai ranar 14 ga Fabrairu, 2018, bayan shugabancin jam'iyya ya fita daga hannunsa, uwar jam'iyya ta ce ya sauka, 'yan majalisarta kuma suka sanar cewa washegari za su goyi bayan ƙuri'ar yanke ƙauna a kansa. Hujja ba ta taɓa yin ƙaranci ba tun 2014. Shekara huɗu ƙasar ta yi tana jiran mutanen da ke zaune a kujeru irin naku su yi abin da ƙarshe suka yi cikin kwana biyu.

Uzurin da kuka fi fakewa da shi shi ne cewa ba a tabbatar da laifi a kotu ba, kuma doka ta ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar. Wannan ƙa'ida gaskiya ce, ina girmama ta, amma a inda aka ajiye ta. Tambayar da alƙali ke amsawa ita ce ko a ɗaure mutum, a raba shi da 'yancinsa, shi ya sa aka tsaurara hujjar da ake bukata, aka kuma ba shi damar ɗaukaka ƙara har shekaru. Tambayar da ke gabanku daban take: shin wannan mutumin ya cancanci ya ci gaba da riƙe mabuɗin baitulmali yau, alhali ga abin da ya bayyana a kansa? Ba wanda zai bar mai ajiyar kuɗinsa da aka samu giɓi a littafinsa ya ci gaba da riƙe akwatin har sai kotun ƙoli ta gama shari'a. A ƙasashen da tsarin mulki ya sa wa shugaba rigar kariya, kamar yadda sashe na 308 na tsarin mulkin Najeriya ya hana gurfanar da shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu muddin suna kan mulki, uzurin ya ma fi rauni, domin kotun da kuke cewa a jira an hana ta taɓa shi, kuma dalilin hanin shi ne an bar muku ikon tsige shi. Idan kotu tana jiran ya sauka, ku kuma kuna jiran kotu, to an gama magana, babu mai tambayarsa.

Akwai waɗanda suka gane wannan bambancin suka sauka da kansu. A watan Afrilun 1982, kwanaki kaɗan bayan sojojin Ajantina sun mamaye tsibiran Falkland, sakataren harkokin wajen Birtaniya, Lord Carrington, ya yi murabus, ba don an zarge shi da cin ko sisi ba, sai don abin ya faru a ƙarƙashin ma'aikatarsa ba ta hango shi ba. A watan Nuwamban 2023 firaministan Fotugal, António Costa, ya ajiye aiki a ranar da 'yan sanda suka binciki fadarsa suka kama shugaban ma'aikatansa, tun ba a tuhume shi da komai ba. Ministar kuɗin Najeriya, Kemi Adeosun, ta sauka a watan Satumban 2018 bayan an gano takardar da ta ɗauke mata yi wa ƙasa hidima ta jabu ce. Irin waɗannan ba su da yawa, kuma ba a gina ƙasa a kan fatan a samu mai kunya. Don maras kunyar aka yi majalisa.

Ku dubi Amurka a zamanin Richard Nixon. An kama mutum biyar sun fasa ofishin jam'iyyar Democrat a ginin Watergate ranar 17 ga Yuni, 1972, amma duk da haka a watan Nuwamba Nixon ya lashe jihohi 49 cikin 50. Mutumin da ke da irin wannan farin jini ba 'yan adawa ne za su iya tumɓuke shi ba. Majalisar Dattawa ta kafa kwamitin bincike a 1973 da ƙuri'a 77, babu ko ɗaya da ta ƙi, kuma ɗan jam'iyyarsa ta Republican, Howard Baker, shi ne ya riƙa maimaita tambayar da ta zama abin tunawa, wato me shugaban ƙasa ya sani, kuma yaushe ya san shi. Da Nixon ya umarci antoni-janar ɗinsa, Elliot Richardson, ya kori mai gabatar da ƙara na musamman a watan Oktoban wannan shekarar, Richardson ya gwammace ya ajiye aiki, mataimakinsa ma ya bi sahu a daren. A watan Yulin 1974 Kotun Ƙoli ta tilasta wa shugaban ya miƙa kaset-kaset na hirarrakin ofishinsa, kwamitin shari'a na Majalisar Wakilai kuma ya amince da tuhuma ta farko ta neman tsige shi da ƙuri'a 27 a kan 11, shida daga ciki 'yan Republican ne. Ranar 7 ga Agusta, jiga-jigan jam'iyyarsa uku, ciki har da Barry Goldwater, suka shiga fadarsa suka gaya masa cewa sanatocin da za su tsaya masa ba su kai ashirin ba, alhali 34 yake bukata ya tsira. Bayan kwana biyu ya bar mulki. 'Yan jarida sun tono, kotu ta yi nata, amma waɗannan ukun ne suka rufe ƙofar, kuma jam'iyyarsu ba ta mutu ba, shekara shida bayan nan ta sake lashe zaɓen shugaban ƙasa.

Haka aka yi a Koriya ta Kudu ranar 9 ga Disamba, 2016, lokacin da majalisa mai kujeru 300 ta tsige shugabar ƙasa Park Geun-hye da ƙuri'a 234 saboda ta bar ƙawarta Choi Soon-sil tana juya gwamnati tana tatsar manyan kamfanoni. Ana bukatar ƙuri'a 200, 'yan adawa da masu zaman kansu kuwa 172 ne jimillarsu, ke nan ba don 'yan jam'iyyarta fiye da sittin sun juya mata baya ba, da zanga-zangar miliyoyin mutane a titunan Seoul ta tashi a banza. A Birtaniya ma firaminista Boris Johnson ya tsallake tarar da 'yan sanda suka ci shi saboda shagulgulan da aka yi a fadarsa lokacin kullen korona, ya tsallake ihun 'yan adawa, amma bai tsallake murabus ɗin ministoci da mataimaka fiye da hamsin na jam'iyyarsa cikin kwana biyu a watan Yulin 2022 ba. Kwamitin da ya same shi da laifin yaudarar majalisa da gangan a shekarar da ta biyo baya mutum bakwai ne, huɗu daga ciki 'yan jam'iyyarsa.

Na san abin da ake raɗa muku a kunne a taron sirri na jam'iyya. Ana ce muku idan kuka bari ya faɗi, ku duka kun faɗi, don haka rufa masa asiri rufa wa kanku ne. Ku tambayi 'yan jam'iyyar UMNO da ta mulki Malesiya yadda wannan lissafin ya ƙare musu. A watan Yulin 2015 ya fito fili cewa kusan dala miliyan 700 sun shiga asusun banki na firaminista Najib Razak, ana kuma alaƙanta su da asusun zuba jari na gwamnati, 1MDB, wanda daga baya hukumomin Amurka suka ce an wawure masa wajen dala biliyan 4.5. Kafin watan ya ƙare Najib ya cire antoni-janar, ya kori mataimakin firaminista da ya fara yin tambaya, sannan ya yi wata dabara da ya kamata kowane ɗan majalisa ya riƙe ta a zuciya: ya ɗauko mutum huɗu daga kwamitin majalisa mai binciken kuɗin gwamnati, har da shugaban kwamitin, ya ba su muƙamai a gwamnati, binciken ya tsaya cak. Ba a zage su ba, ba a tsorata su ba, ƙarin girma aka yi musu, suka karɓa suna godiya. Sabon antoni-janar ya wanke Najib a watan Janairun 2016, ya ce kuɗin kyauta ce daga gidan sarautar Saudiyya. A watan Mayun 2018 masu zaɓe suka kayar da ƙawancen da yake mulkin ƙasar tun samun 'yancin kai a 1957, a 2020 kotu ta yanke wa Najib shekara 12, a watan Agustan 2022 ya shiga kurkuku. Waɗanda suka rufa masa asiri don su tsira da jam'iyya, sun rasa shi, sun rasa gwamnatin.

Wannan batu na kyauta tsohon uzuri ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa aiken wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya ya karɓo zakka, da ya dawo sai ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya tambayi me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko kyautar za ta zo ta same shi. Abin lura a nan shi ne mutumin na gida ne, wakilinsa ne da ya aika da kansa, kuma a bainar jama'a aka yi maganar. Hausawa kuwa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ban yarda da karin maganar ɗari bisa ɗari ba, domin akwai mugayen sarakuna, amma ban taɓa jin wanda ya yi sata mai yawa shi kaɗai ba tare da fadawan da ke cewa ran sarki ya daɗe, daidai ne.

Kada ku ɗauka ina kiran ku ne ku zama masu farautar shugabanni. Ikon tsigewa takobi ne da aka sha amfani da shi wajen bi-ta-da-ƙulli. A 2012 majalisar Paraguay ta tsige shugaba Fernando Lugo cikin ƙasa da kwana biyu, aka ba lauyoyinsa awa biyu kacal su kare shi. A jihar Oyo ta Najeriya, 'yan majalisa 18 cikin 32 sun fara shirin tsige gwamna Rashidi Ladoja a wani otal a Ibadan, suka kammala a watan Janairun 2006, kafin shekarar ta ƙare Kotun Ƙoli ta rusa abin da suka yi, ya koma kujerarsa. Shi ma mai bincike yana iya zama abin bincike: Farouk Lawan, wanda ya jagoranci binciken badaƙalar tallafin man fetur a 2012 har jama'a suka riƙa yaba masa, kotu ta ɗaure shi a 2021 saboda karɓar dala 500,000 don ya cire sunan wani kamfani daga rahotonsa. Majalisar da take tsige wanda uban gidanta ya yi fushi da shi, ta kuma wanke wanda uban gidanta yake so, cuta ɗaya ke damunta, wato ba hujja take dubawa ba, fuskar mai ba da umarni take dubawa. Abin da nake nema shi ne a bi ƙa'ida, a ba wanda ake zargi cikakkiyar damar kare kansa a fili, sannan a yanke abin da hujja ta nuna ko da a kan naku ne.

Ban kuma raina tsoronku ba. Ɗan majalisar da ya yi wa shugabansa tambaya yana iya rasa tikitin takara, a janye ayyukan mazaɓarsa, a tono tsohon fayil ɗinsa, wani lokaci ma abin ya wuce nan. Makhosi Khoza, 'yar majalisar ANC da ta fito fili ta ce Zuma ya sauka a 2017, ta sha barazanar kisa ita da 'yarta, aka cire ta daga shugabancin kwamitinta, ƙarshe ta bar jam'iyyar. Saboda irin wannan ne nake ganin ƙuri'ar da ta shafi makomar shugaba ya kamata a kaɗa ta a asirce idan akwai fargabar ramuwa, ko da yake a sauran al'amura na fi son a kira sunan kowa a ji inda ya tsaya. A watan Agustan 2017 da aka yi ta a asirce a majalisar Afirka ta Kudu, Zuma ya sha da ƙyar da ƙuri'a 198 a kan 177, kuma lissafin kujeru ya nuna aƙalla 'yan jam'iyyarsa 26 sun kaɗa masa ƙuri'ar ƙi, mutanen da a baya ko tari ba sa yi. Amma fa ku tuna cewa rantsuwar da kuka yi ranar kama aiki, da littafi mai tsarki a hannunku, ga tsarin mulki kuka yi ta, babu sunan jam'iyya a ciki, kuma albashi da alawus da kuke karɓa sun haɗa da ladan wannan ranar mai wuya.

Akwai abubuwan da za ku iya yi tun kafin badaƙala ta gaba ta zo, lokacin da ba wanda zai ce da wane kuke. Kwamitin da ke bin diddigin kuɗin gwamnati a bar wa ɗan adawa shugabancinsa, kamar yadda al'adar majalisar Birtaniya take a kwamitin da ta kafa tun 1861, a kuma hana mambobinsa karɓar muƙamin gwamnati ko kwangila daga hukumar da suke bincika har sai sun miƙa rahoto. Babban mai binciken kuɗi da shugabannin hukumomin yaƙi da cin hanci kada a iya cire su da takarda ɗaya daga ofishin wanda za su iya bincika gobe, kuma kasafinsu ya riƙa zuwa musu kai tsaye, domin hukumar da take roƙon kuɗin man mota a hannun wanda take tuhuma ba za ta yi nisa ba. Mafi muhimmanci a wurina, kuma mafi sauƙi, shi ne ku sa a cikin dokokin zamanku cewa duk kwamitin binciken da aka kafa, idan wa'adinsa ya cika, dole a shimfiɗa rahotonsa a zaure, a buga shi kowa ya karanta, a sa ranar muhawara, ko shugaban majalisa yana so ko ba ya so. Rahoton da aka kulle a aljihun tebur makami ne a hannun wanda ya kulle shi, yana ciniki da shi.

Sai maganar afuwa, wadda ita ce ƙofar baya da ake fita ta cikinta bayan an sha wahalar shari'a. Gerald Ford ya yafe wa Nixon wata guda bayan saukarsa. Park, wadda aka fara yanke wa shekara 24, an yi mata afuwa a ƙarshen 2021. An rage wa Najib rabin wa'adinsa a 2024. A Najeriya an yafe wa tsohon gwamnan jihar Bayelsa, Diepreye Alamieyeseigha, a 2013, sannan a 2022 aka yafe wa Joshua Dariye da Jolly Nyame, tsofaffin gwamnonin da aka shafe fiye da shekara goma ana shari'arsu kafin a ɗaure su a 2018. Ba na cewa a soke afuwa, domin rahama tana da gurbinta a mulki, tsufa da ciwo kuma gaskiya ne. Sai dai ma'aikacin da ya kwana a kan takardun banki shekara da shekaru, da shaidar da ya sayar da ransa ya tsaya a gaban alƙali, suna kallon wannan, kuma gobe ba za su sake wahalar da kansu ba. Kuna da ikon yin dokar da za ta tilasta a bayyana dalilin kowace afuwa a rubuce, a tabbatar an dawo da dukiyar da kotu ta ce a dawo da ita kafin a sa hannu, a kuma hana wanda aka yafe wa laifin cin amanar baitulmali sake riƙe muƙami.

Mu masu zaɓe muna da namu kason na laifi, ban ɓoye ba. James Ibori, tsohon gwamnan jihar Delta, wanda wata kotu a Asaba ta yi watsi da tuhume-tuhume 170 a kansa a 2009, ya amsa laifinsa da bakinsa a wata kotun Landan a 2012 aka yanke masa shekara 13, amma da ya dawo gida a 2017 dandazon jama'a ne ya tarbe shi da kiɗa. Wannan maganar tsakaninmu ce, za mu yi ta a wani wurin. Mu dai sau ɗaya ake tambayar ra'ayinmu a cikin shekara huɗu ko biyar, ku kuwa kuna da ikon aika sammaci kowace ranar aiki.

Roƙona na kusa ƙarami ne. A majalisar kowannenku akwai rahotannin bincike da aka kammala ba a taɓa karanta su a zaure ba, da waɗanda aka fara aka yi shiru, kuma akawun majalisa ya san inda kowanne yake ajiye. Ina roƙon ɗaya daga cikinku, daga ɓangaren masu rinjaye, ya miƙe a zama na gaba ya nemi a kawo jerinsu, da ranar da aka kafa kowane kwamiti, da kuɗin da aka kashe masa, a kuma sa musu ranakun muhawara kafin ku tafi hutun ƙarshen shekara. Zan kasance a gaban rediyo ranar.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai kaɗa ƙuri'a